Tsakuwa Shida a Hannun Baba

Ni ban taɓa son kurket ba, gara in faɗa tun yanzu. Wasan da za a yi kwana biyar ana fama, a tsaya a ci abinci, a dawo, a sake tsayawa a sha shayi, sannan a ƙarshe a ce babu wanda ya ci, wannan a wurina zaman makoki ne da fararen kaya. Amma ni ce auta. Mama ta rasu ina sakandare, yayyena sun watse, wannan Abuja, wancan Makurdi, aka bar ni a Lafia da Baba da talabijin ɗinsa. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Na san wasan nan ba da son raina ba.

Baba malamin wasanni ne, ya yi ritaya. A makarantar kwana ya koyi kurket yana yaro, da ya zama malami kuma ya sa kafinta ya sassaƙa masa sandunan bugu, ya riƙa tara yara bayan an tashi yana yi musu alƙalanci. Yaran suka gudu suka koma ƙwallon ƙafa, ban ga laifinsu ba. Da aka biya shi haƙƙinsa na barin aiki, abokansa wani ya sayi fili, wani ya sayi babura ya ba 'yan acaɓa. Shi sai ya kafa dish na kamo tashoshin waje a kan rufi. Duk unguwarmu babu wanda zai yi hirar wasan da shi, don haka ni ce masu sauraro.

Kan Baba cike yake da lissafin wasan. Wace ƙasa ta doke wace, a wane fili, wa ya yi gudu ɗari, wa ya fitar da mutum uku a jere, wa ya karya tarihin wa. Indiya, Pakistan, Ingila, duk kamar 'yan uwansa ne da ke aiko masa da labari. Ina dakan sakwara yana tsaye a bakin kicin yana ba ni labarin wani ɗan Ostireliya na zamanin da, wanda gudu huɗu kacal yake nema a wasansa na ƙarshe lissafinsa ya cika ɗari cif, sai aka fitar da shi da sifili. Na ji labarin nan har na fi mutumin jin haushi.

Na ce, "Baba, mutumin nan ya mutu, ka bar shi ya huta mana."

Ya ce, "Gudu huɗu fa, Auta."

"To je ka yi masa."

Sai ya yi dariya ya koma falo.

Akwai tsakuwa shida da ba sa rabuwa da aljihunsa, farare, masu santsi, ya tsinto su a rafin garinsu, Assakio, tun kafin a haife ni. A kurket, mai jifa yana jefa ƙwallo sau shida, sai a sauya gefe wani ya karɓa. Wannan shidan ita ake kira oba. Alƙalin wasa ba ya dogara da kansa wajen ƙirge, tsakuwa yake riƙewa, duk jifa ɗaya ya mayar da ɗaya zuwa ɗaya hannun. Baba ya daina alƙalanci da daɗewa, amma hannunsa bai daina ba. Yana zaune gaban talabijin, ana jifa a wata duniya can, shi yana mayar da tsakuwa a Lafia.

Na ce, "Biyanka suke yi ne?"

Ya ce, "Ke matsalarki ƙwallo kike kallo. Kowane ɗan kallo ƙwallo yake bi. Alƙali ƙafa yake fara dubawa."

Ya nuna mini farin layi a ƙasa, ya ce in ƙafar mai jifa ta haye shi gaba ɗaya, jifar ta lalace, ba a ƙirga ta, tsakuwa ba ta motsi. Na ce na ji. Ban ji komai ba, miya nake tunani kar ta kama.

Lokacin sabuwar doya ne ya faɗi. Da safe ya fita bakin famfo zai wanke fuska, na ji bokiti ya kife. Hawan jini. Muka yi zaman asibiti, muka dawo gida da ɓarin jikinsa na dama a shanye, baki a karkace, magana ta tafi. Mutumin da ba ya gajiya da surutu, sai dai ya buɗe baki iska ta fito. Likita ta ce mana rashin magana daban, rashin hankali daban, a ba shi maganinsa kullum, a yi haƙuri.

Ranar da muka dawo ya dinga nuna wandonsa da ke rataye a ƙusa har na gane. Na ciro masa tsakuwar. Ya riƙe su a hagu, ya riƙa saka su ɗaya bayan ɗaya a tafin hannun daman da ke kwance a cinyarsa. In sun cika shida ya kwashe ya sake. Talabijin a kashe, don transfomar unguwarmu ta ƙone tun muna asibiti. Haka yake yini yana kallon baƙin gilashi yana ƙirga jifar da babu mai yin ta. Ba zan ɓoye ba, ni ma abin ya ba ni tsoro wani lokacin.

Sai Gwaggo ta zo daga Assakio. Yayar Baba ce, dillaliyar doya, shugabar zumuntar mata a cocinsu, mace mai murya kamar lasifika. Bayanta Baba Ƙarami ya iso daga Kwandere, ƙaninsu, wanda ya musulunta tun yana saurayi ya yi aure a can. Su biyun nan ba su taɓa yarda da juna a kan komai ba, ko gishirin miya sai sun yi gardama. A kan tsakuwar Baba ne kawai na ga bakinsu ya zo ɗaya.

Gwaggo ta tsaya a kansa ta riƙe ƙugu. Ta ce, "Wannan mene a hannun yaron nan?" Baba ya yi furfura fat, amma a bakinta har yau yaron nan ne.

Na ce, "Na kurket ne. Ƙirge yake yi."

"Na wane?"

"Wasan da yake kallo, Gwaggo."

Ta juya ta dubi talabijin, ta dube ni. "Ina wasan? Ke kin ga wasa a nan?"

Baba Ƙarami ya girgiza kai ya ce, "Farin dutse, shida cif, ba biyar ba, ba bakwai ba. Wannan ba banza ba. Hannu aka sa masa."

Na ce, "Tun ina rarrafe yake da su. In asiri ne, to ya yi jinkirin kamawa."

Gwaggo ta ce, "Ka ji ko? Wannan yarinya bai da kunya. Ana magana manya, yana sa baki."

Laifina ɗaya na sani, in ina da gaskiya ba na iya faɗinta a hankali. Da na zauna na yi musu bayani da sanyin murya, wataƙila da sun saurara, wataƙila kuma da ba su saurara ba. Ni dai tsaki na yi na fita.

Washegari na je kemis sayo maganinsa, kafin in dawo Gwaggo ta zuba wa tsakuwar mai, ta yi addu'a a kansu, ta jefa su a masai. Na tarar da Baba ya juya fuska bango. Yatsun hagunsa na ta motsi, suna ɗaukar abin da babu suna ajiyewa. Na kawo kunu, ya kawar da kai. Gwaggo ta karɓi kofin ta matsa masa a baki, ya kaɗe shi da hannu, kunu ya wanke mata zani.

Ta ce, "Kun gani? Abin ya ji zafin addu'a. Yanzu ya fito fili."

Tun daga ranar ya daina cin abinci. Ruwa kaɗan, da ƙwayar magani in na lallaɓa shi, shi ke nan. Su kuwa suka yanke shawara za a kai shi wani gidan addu'a da ke bayan Assakio. Baba Ƙarami ya so a kai shi wurin wani mai magani a wajensu, amma ya bar wa babba. Na san gidan addu'ar nan, na taɓa raka wata ƙawata duba ɗan uwanta. Na ga mutane ɗaure da sarƙa a gindin mangwaro, ana sa su azumi, kuma ba a shiga da maganin asibiti, wai rashin bangaskiya ne. Mai hawan jini, ba magani, ba abinci. Ba sai an yi sakandare ba za a san ƙarshen wannan.

Na kira yayyena. Babbar ta ce, "Ki bi manya, ba ke kika fi kowa sonsa ba." Na Makurdi ya ce zai kira ni, bai kira ba.

Na yi wa Gwaggo ihu har maƙwabta suka leƙo. Ta bar ni na gama, sannan ta ce, "Ni na goya shi. Uwarmu tana gona, ni na goya shi a bayan nan. Doya na ɗauka a ka zuwa kasuwa ya yi makarantar da ya koyo wannan wasa. Ke za ki gaya mini ina so in kashe shi?"

Da yamma na gan ta durƙushe tana wanke masa ƙafa da ruwan ɗumi, tana yi masa wata waƙa da yarensu na Alago ƙasa-ƙasa, hawaye na sauka a cikin robar. Tsoro take ji kamar yadda nake ji. Ita dai gidan addu'ar nan ne inda ta san ana kai tsoro.

Aka shirya da wani direba mai ɗauko doya, in ya sauke kaya a kasuwa da safe ya biyo ya ɗauke su. Gwaggo ta ƙulle kayan Baba a jakar buhu. Ina kallon jakar nan na ce a raina, magana ta ƙare, ba su jin tawa, shi kuma ba shi da ita. To a kunna masa wasansa su gani da idonsu.

Na tsallaka wurin mai askin da ke jikin gidanmu na ce ya ara mini janareta. Ya ce kwastoma fa? Na ce kwastoma su zauna da gashinsu, ba mutuwa za su yi ba. Ya kalle ni, ya ga fuskata, ya ɗauko da kansa har tsakar gida ya tayar.

Gwaggo ta ce, "Wane irin wahala ne wannan kuma? Mutum bai da lafiya, kina kunna masa ƙara?"

Ban kula ta ba. Na dinga danna rimot ina addu'a a zuci, don in ba a wasa a ranar, na shiga uku. Allah ya taimake ni, wasu ƙasashe biyu na bugawa kai tsaye, da fararen kayansu na makoki. Ban ma tsaya duba su waye ba. Muryar mai sharhi na fitowa, Baba ya juyo da kai daga bango. Ni da mai aski muka tayar da shi muka jingina shi da filo.

Na fita na ɗebo tsakuwa a tarin yashin maƙwabcinmu mai gini. Gwaggo ta tare ƙofa da jikinta.

"Dutse ba zai sake shiga ɗakin nan ba, ina raye."

A gefenta akwai tiren busasshiyar gurjiya da ta zo da ita tsaraba. Na watsar da tsakuwar na ƙirgo gurjiya shida.

Na ce, "Gurjiyarki ce, daga gonarki. In da asiri a ciki, ke kika sa."

Baba Ƙarami ya yi tari don ya ɓoye dariya. Gwaggo ta harare shi, ta matsa.

Na zuba wa Baba gurjiyar a hagu, na buɗe masa tafin dama a kan cinya. Ya jujjuya su da yatsa, ya dube ni kamar zai ce wannan wane irin aikin ƙauye ne, sannan ya mai da ido kan talabijin. Mai jifa ya rugo ya jefa. Gurjiya ɗaya ta sauka a dama. Ya sake jefawa, ta biyu ta bi.

Na ce, "Ku duba. Duk jifa ɗaya, gurjiya ɗaya. In ta kai shida za ku ga 'yan wasan sun sauya gefe."

Haka aka yi. Ta shida na sauka, Baba ya kwashe su, mutanen cikin talabijin suka fara tafiya suna sauya wuri. Na juya ina jiran a ce mini sannu.

Gwaggo ta ce, "To? Haka yake yi da dutsen ma. Ɗaya, ɗaya, ɗaya, ya kwashe. Mene sabo?"

Baba Ƙarami ya ce, "Gaskiya, Auta, ko yaron goye ka ba shi gyaɗa zai yi wannan."

Abin haushin shi ne suna da gaskiya. Ban yi tunanin haka ba. A waje kuma na ji ƙarar hon, direban doya ya iso.

Na ce a tsaya oba ɗaya kawai. Gwaggo ta ɗauki jakar buhu ta rataya. Sabon mai jifa ya jefa ta farko, gurjiya ta tafi. Ta biyu, ta tafi. Ya jefa ta uku, mai bugu ya tare ta a hankali, ƙwallo ta gangara gabansa. Jifa lafiyayya, ni dai ban ga komai a cikinta ba. Hannun Baba bai motsa ba.

Na ce, "Baba, sa mana."

Idonsa na kan talabijin.

"Baba, an jefa! Sa ɗaya!"

Na kai hannu zan ɗauki gurjiyar in sa masa da kaina, ya damƙe hannunsa ya watsa mini wani kallo da na sani tun ina ƙarama, kallon da yake yi wa ɗalibin da ya shigo fili da silifas.

Gwaggo ta ce, "Ya isa haka. Kin gwada. Ku kama shi mu tafi."

Sai Baba ya ɗaga hannun hagu, gurjiya a damƙe, ya miƙe shi samɓal zuwa gefe, daidai kafaɗa, saura kaɗan ya naushi Baba Ƙarami a ciki. Bai sauke ba. Baba Ƙarami ya ɗauka so yake a tayar da shi, ya kama gwiwar hannun yana cewa, "Sannu Yaya, bismillah." Baba ya fizge ya sake miƙewa.

Mai aski ne ya ce, "Kai! Ku dubi tibi!"

Alƙalin da ke cikin fili ya dafa kunne, kamar ana gaya masa magana daga sama, sannan ya juya ya miƙe hannu ɗaya zuwa gefe, daidai kafaɗa. Irin na Baba sak. Aka maimaita jifar a hankali, aka matso da hoto kan ƙafar mai jifa. Ga farin layi, ga takalmin ya haye shi gaba ɗaya. Sai a lokacin maganar Baba ta dawo mini, alƙali ƙafa yake fara dubawa. Ni ƙwallo nake kallo.



Gwaggo ta nuna talabijin da leɓe. "Shi wancan, yana ganin yaron nan ne?"

Na ce, "A'a, Gwaggo. Mai jifan ne ya taka ya wuce layi, jifar ta lalace, ba a ƙirga ta. Shi ya sa Baba ya hana gurjiyar tafiya. Hannun nan alamar ke nan."

Baba Ƙarami ya ce, "Ya riga shi fa. Wallahi ya riga shi. Ina riƙe da hannun, mutumin bai ɗaga ba tukuna."

Gwaggo ta sauke jakar. Ta zo gaban Baba ta sunkuya har fuskarsu ta kusa haɗuwa, ta kira shi da sunan da uwarsu ke kiransa, ta tambaye shi da Alago ko ya san ta. Baba ya dube ta sosai. Ya gyaɗa kai sau ɗaya. Sannan ya sa bayan hannu ya ture ta gefe a hankali, don ta tare masa talabijin, kuma mai jifa ya riga ya rugo.

Ta zauna daɓas a bakin gado. Dariya take yi ko kuka, ban iya rabewa ba. Ta ce, "Shi ne. Mara mutunci. Tun yana ƙarami haka yake, in yana abu ko uwarmu ba ta isa ba."

Hon ya sake tashi a waje. Ba ta ko tashi ba, ta ɗaga murya ta taga ta ce wa direban ya tafi, mara lafiya yana aiki.

Muka zauna mu duka muna kallon wasan da mutum ɗaya ne kawai ya gane shi a ɗakin. Can sai alƙalan suka ɗauke 'yan ƙananan itatuwan da ke kan sanduna, 'yan wasa suka nufi ɗaki a jere. Gwaggo ta tambaya ko an tashi. Na ce a'a, abinci za su je ci, su dawo.

"A tsakiyar wasa?"

"Haka suke yi. Anjima ma za su sha shayi."

Ta ce, "Ashe masu hankali ne."

Baba ya ajiye gurjiyar a kan filo, ya nuna bakinsa. Gwaggo ta riga ni zuwa kicin. Ya sha kunu kofi guda a hannunta, ya ci doya da manja kaɗan, ya haɗiye maganinsa ba gardama.

Har yau maganar Baba ba ta dawo ba, sai kalmomi tsiraru. Yana cewa Auta, yana cewa ruwa, kuma in gurjiya ta cika shida yakan ce oba, da ƙarfi, har mai aski ya amsa masa ta katanga. Lissafin nan nasa na ƙasashe da 'yan wasa yana nan a ciki, na sani, don in mai sharhi ya ambaci wani tsohon tarihi sai ya buga cinya ya dube ni, wai in faɗa. Wani lokacin ina tunawa, in faɗa. In na yi kuskure ya yi tsaki. Ɗan Ostireliyan nan kuwa, yanzu ni ke ba shi labarinsa, shi yana ɗaga yatsu huɗu.

Gwaggo ba ta ba ni haƙuri ba, ni ma ban ba ta ba. A Assakio ta gaya wa mata addu'arta ce ta yi aiki, ban je na ƙaryata ba. Da ta sake zuwa da kaka, bayan ta sauke doya da manja, ta kwance bakin zaninta ta zube wani abu a kan tebur ba tare da ta kalle ni ba. Tsakuwa shida, farare, daga rafin garinsu.

Ta ce, "An yi musu addu'a a coci. Kar wani ya ce mini komai."

Baba ya ɗauke su ɗaya bayan ɗaya yana aunawa a tafin hannu. Biyar ya tara a cinya. Ta shidan ya jujjuya, ya ture ta gefe, ta fi sauran girma.

Gwaggo ta ce, "Ka ga mutum! To ka cika da gurjiya, ni ba zan koma rafi da wannan gwiwar ba."